Makin da Na Ba Iskar Durban

Zuwa ga taubashina, ɗan Gwaggo,

Saƙonka ya iso. Ka ce ka duba waya ka ga zafin Durban bai wuce 28 ba, alhali ku a Kano kuna gasuwa a 40, saboda haka ka yanke hukunci cewa na faɗa aljannar duniya, har kana so in ba garin maki bisa goma kamar yadda kake yi wa ɗalibanka. To Malam, gyara zama. Makin zai zo, amma sai ka ji bayani tukuna, don na san halinka, da ka ga lamba sai jan biro.

Rabin labari wayarka ta ba ka. Garin nan a bakin Tekun Indiya yake, kuma akwai wani ruwa mai ɗumi da ake kira Agulhas, yana gangarowa daga arewa yana bin gaɓar. Iskar da ta biyo ta kansa a jiƙe take shigowa gari. Ga shi kuma Afirka ta Kudu komai nata a juye yake da namu: Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da kake ƙudundune cikin bargo kana yi wa ruwan alwala kallon abokin gaba, mu nan muna tsakiyar zafi, laimar iska tana kusan kashi 80 cikin ɗari.

Ka tuna randar Gwaggo. Abin da ke sanyaya ruwanta shi ne tsattsafon da take yi ta jiki, busasshiyar iska ta lashe shi, ta tafi da zafin. Haka jikin mutum yake da gumi. A Kano gumi na fitowa iska na ɗaukewa, ka shiga inuwar darbejiya ka ji sanyi-sanyi. Iskar nan kuwa ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da inda za ta zuba naka. Gumin sai ya zauna maka a jiki ya ƙi tafiya, a rana ko a inuwa duk ɗaya. Mutum ya fito daga wanka, kafin ya gama ɓalle maɓallin riga ya sake jiƙewa. Da dare ma da wuya zafin ya sauka ƙasa da 20, fanka tana ta juyi, iskar da take turo maka ita ma mai nauyi. Wannan shaddar taka mai ƙarar sitaci, wadda ake jin tahowarka tun daga zaure, in ka sa ta ka nufi babban masallacin Grey Street ranar Juma'a a watan Fabrairu, wallahi kafin liman ya hau mumbari ta yi laƙwas ta manne maka a gadon baya.

Kaya ma ba su tsira ba. Ƙuli-ƙulin da ke neman karya haƙori a gida, nan in ya kwana biyu a buɗe, tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya za ta ci abinta tana hira. Gishiri dunƙulewa yake yi, shi ya sa za ka ga mutanen gari suna zuba ƙwayoyin shinkafa a cikin kwalbarsa. Takalmin fata in ka manta da shi a lungun kabad, sai ka tarar fumfuna ta yi masa koren gashi. Kwaɗon ƙofa kuwa iskar teku mai gishiri ce ke cinsa da tsatsa. In ka ce bari ka buɗe taga ka sha iska, birai na jira a kan katanga. Da gaske nake, birai a tsakiyar unguwa, masu baƙar fuska da toka-tokan jiki. Ɗaya zai shigo ya ɗauki ayaba, ya haɗa da burodi, ya koma kan rufi yana ci yana kallon mai gida. Akwai wani babba a unguwarmu da ba ya tashi sai ya ga bayan abin da ya tarar, duk lokacin da na gan shi kai nake tunawa a gaban kwanon Gwaggo.

Amma fa kada ka ce na zo yi wa garin sharri. Daga Yuni zuwa Agusta, abin da su suke kira sanyi, ban taɓa zama cikin iska mai daɗin wannan ba. Da rana kusan 23, da dare wajen 11, sama garau, ruwan sama ya ja baya, laima ta sauka. Babu ƙurar hunturu, babu tsagewar leɓe, babu kaushi. Fason ƙafarka da ya gagari man kaɗanya shekara da shekaru, nan da kansa zai rufe. Ruwan tekun ma ɗuminsa na nan sama da 20, za ka ga mutane suna iyo da sassafe a watan Yuli, sun taho daga Johannesburg inda raɓa ke daskarewa a kan ciyawa saboda tsayin ƙasar. A daidai lokacin ne kuma, yawancin shekaru, ƙananan kifayen sadin ke tahowa garke-garke ta gaɓar kudu, jama'a su fito da bokiti da kwando. Sauro akwai, sai dai Durban ba yankin zazzaɓin cizon sauro ba ne, wannan kaɗai ya isa a yi hamdala. Ko'ina ka duba kore shar, gonakin rake sun rufe tuddai har iya ganinka.

Maganar ruwan sama kuwa ba ta wasa ba ce. A shekara ana samun kusan milimita 1,000, galibi daga Oktoba zuwa Maris, kuma garin kan tuddai yake, talakawa da yawa sun kafa gidajen langa-langa a gangare da bakin rafuka. A Afrilun 2022 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta zaftare, gadoji suka karye, mutum fiye da 400 suka rasu a garin da kewayensa. Har yau in hadari ya haɗu ya ƙi watsewa, kana ganin fargaba a fuskar waɗanda abin ya shafa. Ka sa su a addu'a.

To ga makinka: bakwai bisa goma. Biyu na cire saboda gumin Janairu da Fabrairu, ɗaya saboda ambaliya. Kano kuma ba zan faɗa maka makinta a takarda ba, don na san sai ka karanta wa Gwaggo, ita kuwa ba a taɓa mata garinta a kwana lafiya.

In Allah Ya nufe ka da zuwa, ka zo a Yuli, ka taho da yadi mai shara-shara da rigar sanyi guda. Zan kai ka filin wasa na Moses Mabhida, inda Najeriya ta lallasa Mali da ci 4 da 1 a 2013, ka kuma ga ragar da ɗan wasanmu Yakubu ya ɓarar da ƙwallon nan a 2010, wadda ta sa ka ƙi cin tuwon dare. Daga nan mu ci bunny chow, burodi ne da ake rarake cikinsa a cika da miyar Indiyawa mai yaji, in ga ko bakin naka da ke cika da barkono zai iya.

Kuɗin shararka na bana suna nan tafe, kada ka ishi mutane da ƙorafi. Ka gaishe da Gwaggo da kyau, ka ce mata kuka da daddawa sun kusa ƙarewa. In za a aiko, a zuba a roba mai murfi a ɗaure da leda, kada a naɗe a takarda. Ka gaida amarya da yara.

Wassalam,
Ɗan kawunka, daga Durban.