Baƙin Mako Biyu: Ire-iren 'Yan Mishan na Ɗan Lokaci

Da zarar makarantun Amurka sun tafi dogon hutu, daga Yuni zuwa Agusta, majami'un can kan shiga haɗa ayari zuwa Afirka. Sai ka gan su sun sauka a Abuja cikin riguna iri ɗaya, an loda su a bas an nufi Jos ko wani ƙauye a kudancin Kaduna, aikin bishara na mako biyu. 'Yan'uwa ne cikin Almasihu, da zuciya ɗaya kuma suka zo. Amma duk wanda ya taɓa dafa musu shayi ko ya yi musu tafinta ya san kashi-kashi ne.

Na farko shi ne Ni Na Fara. Tun a jirgi yake addu'a domin waɗanda ba su taɓa jin bishara ba. Ya hau bagadi yana bayanin wane ne Yesu, dalla-dalla, don kada a ruɗe. Bai san cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932 ba, bai san majami'ar ECWA ta tsaya da ƙafafunta tun 1954 har tana aika nata masu bishara ƙasashen waje ba. Ya ce a buɗe Yohanna, kafin ya gama laluben wayarsa wata tsohuwa 'yar zumuntar mata a bencin gaba ta kawo ayar da ka. Tafinta ya ji wa'azin babu gishiri, sai ya yi ta zuba nasa. Jama'a su amsa da "Amin!", baƙo ya koma gida yana ba da shaidar abin da Ubangiji ya yi ta bakinsa.

Sai Mai Fenti. Ɗan jami'a ne, bai taɓa ɗaga bulo ba, amma a nan ya zama injiniya. Ana tsakiyar ruwan Agusta yake shafa wa ajin firamare fenti, ruwa na bi yana wankewa. Maginin unguwa na tsaye can gefe, hannu a baya, bakinsa alaikum. Ya san ranar da bas ta tashi za a kira shi ya rushe layin da ya karkace. Kuɗin tikitin Mai Fenti shi kaɗai ya isa a ɗauki maginin nan aiki na watanni. Ajin kuwa ya sha shuɗi, ya sha kore, bana ruwan ɗorawa, malamin da ke cikinsa na nan yana bin albashi.

Ga Mai Hoto. Ita yaro mai tsabta ba ya gabanta. Uwa ta yi wa ɗanta wanka, ta shafa masa mai, ta sa masa kayan Kirsimeti domin baƙi, sai baƙuwa ta tsallake shi ta rungumi wanda ya fito daga wasan taɓo. Kafin dare hoton na Facebook: ba su da komai, amma dubi yadda suke murna. Uban yaron yana da shanu da rumbu biyu na dawa. Tambaye ta sunan yaron ka ga ikon Allah.

Akwai Mai Tsoron Ciki. Gorar ruwansa a rataye, ƙwayar maleriya a aljihu, ko gaisawa ya yi da dattijo sai ya juya ya shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta. A kawo tuwo da miyar kuka, sai ya tuna yana azumi. Ga shi a Luka sura 10, da Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu, cewa ya yi su ci abin da aka sa a gabansu. Sai dai a yi masa adalci, tsoronsa yana da tarihi. Cikin mutum uku da suka fara aikin ƙungiyar mishan ta SIM a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent ciwo ya kashe su a 1894, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Sauro bai san ɗan mishan ba.

Mai Ƙidaya kuma rahoto yake nema domin waɗanda suka biya masa kuɗin jirgi. Ya ce wanda zai karɓi Yesu ya ɗaga hannu. Mutanenmu masu kara ne, ba sa bari baƙo ya ji kunya, sai kowa ya ɗaga, har da mai buga ganga da matar fasto. Akwai dattijon da ya tuba a hannun kowane ayari, shekara da shekaru.

Ranar tafiya Mai Alkawari ke bayyana. Hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce ya bar zuciyarsa a nan, zai dawo da rijiyar burtsatse. Wata na farko saƙonsa na zuwa a WhatsApp, wata na uku sai hoton karensa, daga nan shiru. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Mu ma masu masauki da namu. Akwai faston da rufin cocinsa ke yoyo tun bara waccan, kuma ba zai gyara ba, domin nan ake fara kai baƙi. Akwai wanda ya shirya mishan zuwa Ingila da akwati biyu babu komai a ciki. Akwai matasanmu da kan je Nijar ko Cadi na mako guda su yi wa mutanen can duk abin da muke yi wa Turawa dariya a kai.

Na ƙarshe cikin baƙin ba shi da hayaniya. Likita ne ko ma'aikaciyar jinya da kan je asibiti irin na Galmi a Nijar, wanda SIM ta buɗe a 1950, ya karɓi aiki na 'yan makonni don wanda ke can dindindin ya samu ya huta. Tambayarsa ta farko ita ce, "Me kuke so in yi?" Yana bin umarnin 'yan gida, ya san sunan mai shara, kuma baɗi za a sake ganinsa.

Mako biyu ba ya gyara gari, amma yana iya gyara wanda ya zo, kuma wannan ma riba ce. Saboda haka masu zuwa ku zo, ƙofa a buɗe take. Ku tambaya kafin ku ɗauki buroshi, ku bar wa magini aikinsa, ku zauna ku saurari tsohuwar nan ta bencin gaba. Mu kuma mu gyara rufinmu da baikonmu, mu daina ajiye yoyo domin baƙi.