Ire-iren Iyaye Mata da Yadda Kowacce Take Hutawa

Hutun uwa a gidan Bahaushe ba shi da lokaci na kansa, a tsakankanin ayyuka ake tsintarsa: bayan yara sun tafi boko kafin a ɗora sanwar rana, tsakanin azahar da la'asar idan zafi ya kora kowa ɗaka, sai kuma bayan isha'i idan an kwashe tuwo an jiƙa tukunya. Abin da uwa take cika waɗannan 'yan guraben da shi ya fi komai bayyana halinta, kuma da shi ake kasa iyaye mata gida-gida. Rabon bai duba arziki ko zurfin karatu ba. Matar attajiri a Nasarawa ta Kano da matar manomi a karkarar Damagaram suna iya faɗawa rukuni ɗaya.

Rukunin farko shi ne na uwar darduma. Ita wannan tun da ta idar da sallar asuba ba ta naɗe sallayarta sai ta yi walaha, kuma daga kanta take tafiyar da mulkin gida baki ɗaya. Hannunta na jan carbi, idonta na kan ƙofar kicin. Da yake ba ta son katse lazimi, ta ƙirƙiro wa kanta harshe na musamman wanda duk ɗan gidan ya haddace: gyaran murya ɗaya yana nufin a rage wuta, biyu yana nufin an ga wanda ya sa hannu a kwanon da ba nasa ba, idan kuwa ta ɗaga sautin tasbihi to mai laifi ya fara neman takalminsa. An sha ganin ta shafa addu'a da natsuwa irin ta bayin Allah, kalmar farko da za ta biyo baya ita ce, "Wa ya buɗe min firji?" Ba ta cika duka ba. Makaminta "Allah ya shirye ka", kuma yara sun san bambancin wadda aka faɗa da murmushi da wadda aka ja ƙarshenta. Tana azumin Litinin da Alhamis, ba ta barin Sitta Shawwal ya wuce ta, goman ƙarshe na Ramadan kuwa su ne kakarta, domin a nan ne take samun gida ya yi tsit ita kaɗai da Ubangijinta. Carbin yatsa mai ƙirga da kansa ya ƙara mata ƙarfi, yanzu tana iya tuƙa miya da dama tana salati da hagu.

Kusa da ita akwai 'yar Islamiyya. Wannan rukuni yana da asali mai tsawo, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa mata jagorori, wato jaji, su riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka. 'Yar Islamiyyar yau ta gaji wannan himma, ta ƙara da hijabi mai launin makaranta da jaka mai zif. Ta fara da Ahalari da Arba'una Hadisi, ta shiga tajwidi, daga nan kuma zaman lafiyar masu karatun gidan ya ƙare. Maigidan da ya shekara ashirin yana jan iyalinsa salla zai sallame ya ji an ce, cikin ladabi, "Malam, Malama fa ta ce wannan wurin gunna ake yi." A gefe guda kuma ɗanta na aji uku ya zama malaminta na dare, kuma ba ya sassauci: "Umma, ba haka ake ja ba, sake." Tana sakewa, amma tana ajiye abin a ranta har ranar da zai zo neman kuɗin makaranta. Ana tashi daga karatu ƙarfe shida, tafiyar minti goma ce zuwa gida, ita kuwa sai an kira magariba take shigowa, saboda a hanya akwai dubiya, akwai barka, akwai gaisuwar rasuwar da ba a samu zuwa ba, kuma duk lada ne. Ranar da ta sauke izu sittin aka yi walima, babu wanda ya isa ya tuna mata cewa ta taɓa yi wa 'yan anko wa'azi.

Anko shi ne tutar rukuni na uku, wato uwar biki, kuma a nan bayani yake da faɗi. A wurinta biki bashi ne. Duk wadda ta kawo gudummawa ranar auren 'yarta, ko turmin atamfa ne ko kwalin taliya, tana rubuce a littafin da babu wanda ya taɓa ganinsa, domin a ka yake, kuma ba a taɓa samun kuskure a cikinsa ba. Matar da ba ta iya tuna inda ta ajiye makullin ɗakinta tana iya faɗin abin da wance ta kawo shekara goma sha biyu da suka wuce, har da launin ledar da aka ƙunso shi. Saboda haka ba ta da zaɓi, dole ta je kamu, ta je sa lalle, ta yi yini, ta raka amarya, bayan wata tara kuma ta koma barka, rana ta bakwai ta koma suna. Ta san layukan Kantin Kwari fiye da 'yan dako, tana taɓa yadi ta faɗi kuɗinsa kafin mai shago ya buɗe baki. Kuɗin duk wannan daga adashi yake fitowa, shi ya sa uwar adashi ce mutum ɗaya da take shakka a unguwa.

Uwar biki tana fama da ciwon gwiwa na gaske, wanda yake hana ta sunkuyawa ta ɗauki tsintsiya. Abin da likitoci ba su gano ba shi ne yadda ciwon yake sakinta da zarar an kifa ƙwarya a ruwa an fara kiɗan amada. Tsofaffin 'yan wannan rukuni har yau suna auna kowace mawaƙiya da marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, kuma har yau ba su sami wadda ta kai ba. Idan uwar biki za ta fita takan ce, "Yanzu zan dawo, leƙawa kawai zan yi," yara kuma su fahimci cewa su za su yi tuwon dare. Tana dawowa da leda cike da cincin, dubulan da alkaki, da robar da aka manna wa hoton ango da amarya, sannan ta zauna ta ba da rahoto: akwati nawa aka kawo na lefe, wa ya yi gado da kujeru, wace ce ta zo da ɗinkin da ta sa a bikin bara. Tana rufe rahoton da cewa ita dai ba ta son gulma.

Na huɗu ita ce ma'abociyar labari, kuma ta zo a zubi uku gwargwadon zamani. Ta farko rediyo ce abokiyar hirarta. Tana rataye ta a ƙusa kusa da murhu, ta saba da muryoyin Rediyon Kaduna da na sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri tun 1957, har tana ambaton ma'aikatan kamar 'ya'yan maƙwabta. Ta biyu ta taso a zamanin littattafan haya, ta karanta Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da fitilar ƙwai, kuma ita ce yau take ƙwace littafi a hannun 'yarta da cewa yana ɓata tarbiyya, ta kai shi ɗaki, a wayi gari idonta ya yi ja. Ta uku ta talabijin ce. Tun da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta san mutanen Daɗin Kowa gida-gida, tana bin Labarina, ba ta kuma raina fim ɗin Indiya da aka juya zuwa Hausa. Ba ta kallo da baki rufe. Tana gargaɗin jaruma, "Kar ki shiga, yarinya, makirci ne!" Idan jarumar ta shiga kuma sai ta tafa hannu ta ce ai dama ta faɗa mata. Tsanar da take yi wa mugun fim takan bi ɗan wasan har waje, ko a talla ta gan shi sai ta yi tsaki. Idan miya ta kama a irin wannan lokaci, laifin tukunyar zamani ne da ba ta da kauri.

Ƙanwarta ita ce uwar waya. An saya mata wayar ne don ta riƙa ganin hoton jikoki, cikin wata guda ta zama tashar yaɗa labarai. Ba ta rubutu, murya take aikawa ta WhatsApp, kuma minti biyun farko gaisuwa ce: gida, yara, aiki, gajiya, zafi ko sanyi. Kowace Juma'a dangi suna tashi da hoton fure da addu'a. Duk maganin da aka ce ana yi da tafarnuwa, zuma ko habbatussauda sai ya bi ta hannunta. A watan Agustan 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, irinta ne suka tashi gidaje tun kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, kuma waɗanda aka yi wa wankan ba su manta ba. Ƙorafinta ɗaya ne kullum: "Auta, zo ka duba min, wayar nan tana shanye min kuɗi ban taɓa komai ba."

Akwai kuma wadda sana'a ce nishaɗinta. Firjin gidan nata ne, cike da zoɓo, kunun aya da ƙanƙara, ruwan shan mutanen gida kuwa yana randa. Da safe ƙosai, da yamma awara, a bayan ɗaki ga awaki da kaji waɗanda ake tambayar lafiyarsu kafin ta yara. Ɗan cikinta ma ba ya shan zoɓo kyauta, sai dai a rubuta, kuma maigida kansa yakan ranci kuɗin cefane a wurinta idan wata ya yi nisa, ya biya a kan lokaci saboda ya san da wa yake hulɗa. Masu yi mata kallon marowaciya sukan yi shiru ranar da aka tashi aurar da 'yarta aka ga kayan ɗaki sun fito daga inda ba a zata ba. Babban burinta kujerar Makka. Idan Allah ya nufa ta sauke farali, sai ta koma wani ƙaramin rukuni, na sabuwar Hajiya: murmushinta ya ƙaru saboda haƙorin Makka, ta raba dabino, zamzam da carbi har ga waɗanda ba sa ga maciji da ita, kuma shekara biyar duk zancen da aka ɗauko, ko na tsadar tumatir ne, sai ya biya ta Mina da Arfa.

Ta fuskar jin daɗin 'ya'ya, iyaye mata sun rabu biyu. Mai alkunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai "wannan yaron" ko "shi wancan", ba ta yabonsa a gaban mutane, idan aka yabe shi ma sai ta kau da kai ta shiga gyaran abin da ba ya buƙatar gyara. Amma tsokar da ta fi kowace girma a kwanonsa take faɗawa, kuma bisa kuskure ne kullum. Duk son da ta danne a kan na fari, a kan auta take sauke shi a fili, shi ya sa auta yake aikata abin da yayyensa suka sha bulala a kansa, a ce yaro ne, ko da ya fara gemu. 'Yar zamani kuwa ta yar da alkunya, tana kiran ɗan farinta da suna har da ƙarin na shagwaɓa, tana ɗora hotonsa a waya ranar da ya ƙara shekara, kakarsa na gefe tana salati.

Kakar ita ma uwa ce, wadda ta ajiye aiki ta riƙe iko. Ɗakinta kotun ɗaukaka ƙara ne, duk hukuncin da aka yanke a tsakar gida a can ake soke shi, kuma yaron da ya kai bakin ƙofarta ya tsira. Matar da ta yi renon nata 'ya'yan da tsumagiya ita ce yau take cewa ba a dukan yaro. Jikanta namiji mijinta ne, tana yi masa ƙorafin bai kawo cefane ba, jikarta mace kishiya ce, ana zolayar juna har a gaban baƙi. Jin daɗinta goro, rediyo da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda ba ta yarda a yi da rana ba. A ƙarƙashin gadonta akwai kwalla da ba a san adadin abin da ke ciki ba, amma alewa ba ta taɓa ƙarewa.

Watan azumi yakan rikita wannan rabo na ɗan lokaci, domin daga la'asar zuwa shan ruwa dukkansu masu kunu da ƙosai ne, tafsiri kuma yana tashi daga rediyo a gefen murhu. Ana ganin watan Shawwal kowacce take komawa gidanta na asali, uwar biki ma da ƙarin aiki, saboda aurarrakin da aka ɗage sai bayan Salla.

Rukunin da ya fi kowanne ƙaranci shi ne na uwar da take shiga ɗaki da rana, ta kwanta, ta yi barci don kawai tana jin barci. Gida bai san yadda ake karɓar wannan ba. Yara sukan tsaya a bakin ƙofa suna leƙe, ƙaramin ya zo ya ɗaga mata fatar ido ya tambaya ko barci take yi, maigida ya dawo ya ce ko a je kemis, kafin la'asar maƙwabciya ta shigo da kwanon kunu tana sannu da jiki. Yawancin 'yan wannan rukuni ba sa wuce mako guda a cikinsa.