Nasiha ga Mai Son Ɓatar da Rahoton Kwamfuta Cikin Mutunci

Ka sani, ya kai ɗan'uwa mai kula da kwamfutoci, Allah ya ƙara maka basira, cewa tun da aka shigar da ftrace, aikin Steven Rostedt, cikin Linux a shekarar 2008, perf kuma ta biyo bayanta a 2009, ma'abota wannan sana'a suka sami shaidu masu rubuta duk abin da ya auku a cikin na'ura. Amma da yake shaida cikakkiya takan tona asirin mai gida, ga sharuɗɗa biyar waɗanda in ka kiyaye su, rahotonka zai zo da giɓi, mutuncinka kuwa ya tsira.

Sharaɗi na farko shi ne kwaɗayi. Kada ka ɓata lokaci wajen zaɓen abin da kake nema, kunna kowace aukuwa gaba ɗaya. Hikimar kuwa ita ce, kowace furosesa tana da 'yar ma'ajiyarta mai zagaye, wadda girmanta na asali bai kai megabait ɗaya da rabi ba, ita ce kamar tulun da aka kafa ƙarƙashin indararo cikin marka: in mai kwasa ya yi nawa, ko dai sabon labari ya danne tsoho, ko kuwa a hana sabon shiga, gwargwadon yadda aka saita ta. Saboda haka kada ka kuskura ka taɓa buffer_size_kb, kada ka ƙara wa perf shafuka da -m, in an tambaye ka ka ce ƙana'a ce.

Na biyu, ka tabbata faifan da kake bincike a kansa shi ne dai wanda kake zuba rahoton a cikinsa, domin kowane rubutu ya haifi sabuwar aukuwa, ita kuma ta buƙaci nata rubutun, har na'urar ta shagala da ba da labarin labarin da take bayarwa, ta manta da aikin da aka saye ta dominsa.

Na uku, wanda shi ne ginshiƙin wannan fanni, shi ne kau da kai daga gargaɗi. Waɗannan kayan aiki suna da wata ɗabi'a ta rashin kara, ba sa ɓoye asararsu: perf takan faɗi adadin ƙullin da ya salwanta idan ta gama, ftrace takan saka layi a tsakiyar rahoto ta ambaci furosesar da yawan abin da ya ɓace, fayil ɗin stats da ke ƙarƙashin per_cpu kuma yana riƙe da lissafin ambaliyar kowace ɗaya. Har ma zuciyar Linux, idan ta ga ɗaukar samfuri yana cinye mata lokaci, takan rage saurinsa da kanta, ta sanar a dmesg. Duk wannan ka ɗauke shi a matsayin gulma, mutumin kirki kuwa ba ya sauraron gulma.

Na huɗu ya shafi agogo. Ftrace takan fara ne da agogon local, mai sauri amma wanda ba lalle ya yi ittifaƙi tsakanin furosesoci ba, ta yadda idan ka jera riwayoyinsu wuri guda sai ka tarar amsa ta riga tambaya zuwa. Kada ka mayar da trace_clock zuwa global ko mono. In kuma da eBPF kake aiki, ka yi biris da ma'ajiyar haɗaka da ta zo cikin Linux 5.8 a 2020, wadda ke kiyaye tartibi. Ka kira abokan aiki su zo su ga karama.

Na biyar, ka ɗauki samfuri sau 100 cif a daƙiƙa, ka ƙyale 99 da masana irin su Brendan Gregg suka saba da ita don gudun tafiya kafaɗa da kafaɗa da agogon na'ura. Sa'an nan ka nemi perf stat ta ƙirga abubuwa fiye da yawan ma'aunan da furosesa ke da su. Za ta riƙa yi musu karɓa-karɓa, ta cike saura da ƙiyasi, ta rubuta kason lokacin kowanne a gefe. Goge gefen, ka gabatar da zato a rigar yaƙini.

Amma in kana cikin masu taurin kan da ba su yarda sai da hujja, to, ka tace aukuwa tun daga tushe, ka faɗaɗa ma'ajiya, ka kai rahoto wani faifan dabam, ka daidaita agogo, ka kuma rubuta adadin abin da ya ɓace a saman kowane sakamako. Sai dai ka yi shirin haƙuri, domin ranar da shaidu suka hallara babu wanda ya ɓace a hanya, sau da yawa yatsansu kan nuna manhajar da kai ka rubuta da hannunka.