Ranar da Na Yi wa Tangaran Jana'iza

Uwargida ta tafi suna Zariya na kwana biyu, ni kuma shaiɗan ya raɗa mini cewa lokaci ya yi da zan nuna ina da amfani a gidan nan. Na buɗe kabad ɗin kayan jerenta, na tsamo farantan tangaran guda bakwai: wannan bakinsa ya ɓantare, wancan ya tsage, wani kuma duk jikinsa layi-layi kamar tafin ƙafa a lokacin hunturu. Na sha jin cewa tsagar faranti maɓoyar ƙwayoyin cuta ce, sabulu ba ya kai musu, kuma fentin wasu tsofaffin tangaran yana ɗauke da dalma. Na ce yau sai bola.

Na cusa su a baƙar leda ta naira ashirin, na saɓa a kafaɗa. Ban kai zaure ba leda ta ce ga garinku. Tartsatsin da ya tashi har akuyar maƙwabta sai da ta tsinke igiya. Na sunkuya ina tsincewa da hannu, wani tsingaro ya gaisa da babban yatsana. Ashe bakin fasasshen tangaran reza ce da ba ta da mariƙi.

Ina tsaye da yatsa a baki sai ga ɗan jari-bola da kurarsa. Na ce Allah Ya kawo mai saye.

"Baba, ƙarfe nake saye, da alminiyam da roba. Wannan ko kyauta ba na so."

Na ce ai ɗan'uwan kwalba ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kwalba narkewa take a sake ƙera ta, shi kuwa tangaran yumɓu ne da aka gasa a wutar da ta haura digiri 1,000, ba ya narkewa tare da ita, ɓata narkon ma yake yi. Yaron da na isa in haifa ya ba ni darasin da ban samu a makaranta ba.

"Kuma Baba, kar ka zuba shi haka a bola. Mu da almajirai da silifas muke shiga, wasu ma ba takalmi."

Wannan maganar ta fi yankan zafi. Na koma ciki, na sa safar hannu, na share manyan, na bi ƙananan da jiƙaƙƙen tsumma. Na naɗe su a tsohuwar jarida ninki uku, na zuba a buhun siminti, na ɗaure da igiya, na rubuta da gawayi: FASASSHEN TANGARAN, A KULA. Birkilan da ke gini a layinmu ya karɓi rabi ya zuba a ciko. Faranti ɗaya ne ya tsira daga faɗuwar, mai layi-layin nan, shi kuma na rufe shi da tsumma na bi shi da guduma don kada wani ya tsinta ya ci abinci a ciki.

Da uwargida ta dawo, na zayyana mata aikina ina jiran yabo. Ta leƙa kabad, ta daɗe ba ta ce uffan ba.

"Maigida, ina mai layi-layin?"

Na ce shi ne ya fi kowa lalacewa, da hannuna na ƙarasa shi.

"Layin nan ado ne. Haka Hajiya ta sayo shi daga Makka, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa zuba masa abinci ba."

Yau mako uku ke nan ina cin tuwo a kwanon roba. Yatsan dai ya warke.