Giga Dubu a Falon Surukai

Saƙon da uwargida za ta aika gidansu yanzu sai dai in biya mai Adaidaita ya kai, don ni ƙafata ba za ta taka layin nan ba sai ƙura ta lafa. Abin da ya jawo mini wannan gudun hijira bai kai farcen ɗan yatsa girma ba. Memori ne.

Ƙanwarta ce za ta yi aure, aka ce ni ne mai ɗaukar bidiyo tunda wayata ce mai kyamara uku a baya, ita kuwa wayar kullum ƙorafinta wuri ya cika. Na shiga kasuwar waya. Yaron shagon farko, Allah Ya yi masa albarka, ya zaunar da ni yana karanta mini rubutun da ke jikin katin. Ya ce 10 ɗin nan da ke cikin da'ira na nufin zai rubuta aƙalla megabait 10 a daƙiƙa. U mai 3 a cikinta, ko V30, megabait 30 ke nan, shi ake so a bidiyo mai nauyi. A1 da A2 na masu ɗora manhaja a kan kati ne. Ya ce in duba kwalin wayata in ga iyakar girman da take ɗauka, kuma 64GB mai V30 ya ishe ni biki har da suna. Da ya faɗi kuɗi sai na ce bari in ɗan zaga.

A bakin titi, kan wani faranti, tsakanin caja da iyafis, na hangi 1TB. Giga dubu! Kuɗinsa bai kai rabin na 64 ɗin can ba. Mai farantin ya sa shi a wayata da hannunsa, ya buɗe saitin, ga shi ɓaro-ɓaro waya ta ba da shaida. Ya ce, "Yallaɓai, wannan har jikokinka ba za su cika shi ba." Tun da nake ban taɓa jin ɗan kasuwa ya faɗi gaskiya irin wannan ba.

Da dare na yi ɗan gwaji a ɗaki. Washegari na kai wa mai tura fina-finai na ce ya zuba, kada ya ji tsoro: wa'azi, waƙoƙi, fina-finai masu dogon zango, duk ya loda. Ranar biki na ɗauki ɗaurin aure da walima, har da turereniya da maroƙa don in samu gaba. Uwargida ta karɓi wayar ta ɗauki kamu da kai amarya da buɗar kai.

Bayan an watse sai surukina Alhaji ya ce a zo a kalla tare, kafin baƙin nesa su kama hanya.

Falon ya cika maƙil. Alhaji a kujerarsa da carbi. Hajiya da ƙawayenta a gefe. Gwaggwannin da suka zo daga ƙauye a kan darduma, yara a gaban talabijin, Kawu kuma, wan Hajiya, a bakin ƙofa da rediyonsa a cinya. Ni na durƙusa can kusurwa, kai a sunkuye yadda ya kamaci suruki, amma a zuci ina jiran yabo. Autan gidan ya zare memorin, ya sa a abin karanta kati, ya soka a bayan talabijin. Sunayen bidiyo suka jero reras, kowanne da ranarsa da girmansa.

Ya danna ɗaurin aure. Allo ya yi baƙi, ya rubuta cewa ba za a iya buɗewa ba. Ya danna walima, haka. Kamu, haka. Hajiya ta ce, "Ko wutar ce ba ta da ƙarfi?" Auta ya yi ta hawa sama yana dannawa har ya kai na farkon farko.

Wannan ya buɗe.

Hancina ne ya fara bayyana, ya cika allon daga wannan bango zuwa wancan. Sai na ja da baya, ga ni da singileti mai huji a kafaɗa da gajeren wando, ba hula. Murya ta fito tangaran, don Alhaji bai yi rowa wajen sayen sifika ba: "Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Jama'a ku zo ku ga mai wayo, giga dubu a kuɗin tsire!" Na ɗan taka rawa, irin ta kafaɗa. Yara suka tuntsire. Da a nan ya tsaya da na gode wa Allah. Amma mutumin da ke cikin talabijin bai gama ba. Ya gyara tsayuwa, ya turo ciki gaba, ya ja carbin iska da yatsu, ya yi gyaran murya mai hawa uku, ehem, ehe-hem, heeem, sannan ya ce a hankali, "Tooo, madalla, madalla."

Babu mai rai a gidan nan da bai san mai wannan gyaran murya ba. Yana zaune taku biyu daga talabijin.

Falo ya yi tsit, har fanka ana jin kukanta. Wata gwaggo ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Uwargida ta tashi wai za ta duba tukunya, a gidan da aka gama girki tun azahar. Na miƙa hannu in karɓi rimot, Auta ya ruɗe ya danna ƙarin murya. Shi kuma talabijin, da ya nemi na gaba bai samu mai buɗuwa ba, sai ya dawo kan wanda ya sani. Hanci ya sake fitowa. "Gwaji, gwaji."

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana. Kafin magana kuwa dole ya yi abin da ya saba. Ehem, ehe-hem... sai ya tsaya a hawa na biyu, ya haɗiye na ukun. Talabijin ya ƙarasa masa.

Allah Ya saka wa Kawu da alheri, shi kaɗai ne bai ga abin dariya ba, shi matsalar na'ura ya gani. Ya ajiye rediyo ya ce, "Kai yaro, ciro shi ka juya. Bikin yana ɗaya gefen." Auta ya ce, "Kawu, ba kaset ba ne." Ya ce, "Kaset ɗin ma haka kuka ce kafin ku gane." Aka ciro aka miƙa masa. Ya ɗaga shi saitin ƙwan lantarki, ya kanne ido ɗaya yana leƙe, ya ce shi dai bai hango kowa a ciki ba. Ya hura masa iska, ya goga a hularsa, ya kai kunne ya saurara. Sannan ya yanke hukunci: an cika masa kaya ne, bikin ya kwanta a ƙasa kamar gasarar koko, a girgiza. Ya kama shi da yatsu biyu yana girgizawa da gaske, fuska a murtuke. Da aka mayar, hanci ya fito karo na uku, Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani, ya fara sakin na sama. A sa shi cikin shinkafa ya kwana, gobe amarya za ta fito."

Na koma wurin yaron shagon farko. Bai ce mini komai ba, ya sa katin a kwamfuta ya kunna wata manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika kati da bayanai har ƙarshe sannan ta karanto ta ga nawa ne suka zauna. Sakamako ya nuna 8GB. Ya ce 'yan jabu 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin katin suke yi wa dabara ta riƙa faɗin girman ƙarya, ita kuma waya abin da aka faɗa mata take maimaitawa. Gwajina da fina-finan farko sun cinye giga takwas ɗin gaskiya tun kafin a shafa fatiha. Duk abin da ya biyo baya suna kawai aka rubuta, kayan ba su sauka ko'ina ba, don haka babu gwanin da zai dawo da su. Katin 1TB na gaske, in ji shi, sai a 2019 ya fara fitowa, kuma har gobe ba a faranti ake tallarsa ba. Mai farantin kuwa an ce ya tafi ganin gida.

Kawu ya aiko jiya a tambaye ni ko shinkafar ta gida na sa ko 'yar waje.

Don Allah duk wanda ya halarci bikin nan ya ɗauki ko da minti ɗaya ne, ya turo wa uwargida, amarya na jira. Wanda kuma Auta ya tura wa wancan ɗayan ta WhatsApp, ya dubi girman Allah ya goge.