Mutanen da Dutsen Etinde Ke Tona wa Asiri

Idan ka tsaya a bakin teku a garin Limbe, kudu maso yammacin Kamaru, ƙafarka cikin baƙin rairayin nan da aman wuta ya bari, ɗaga kai za ka ga wani dutse mai tsini kamar malafa, kurmi ya lulluɓe shi har wuya. Sunansa Etinde, amma an fi ce masa Ƙaramin Dutsen Kamaru. Wannan "ƙaramin" shi ne tarkon. Babban, wanda ya haura mita 4,000, shi ke kwashe baƙi ta garin Buea, har tsere ake yi a kansa duk shekara. Etinde kuwa mita 1,713 ne kacal, sai dai kusan daga bakin teku za ka faro shi, kuma masana sun ce ya girmi babban a shekaru. Halin tsofaffi gare shi: ba ya son hayaniya, ba ya kuma raga wa mai rawar kai.

Mu goma sha ɗaya muka taso daga ƙauyen Etome da asuba, yawancinmu 'yan kasuwa daga Duwala, sai baƙi biyu da aka haɗa mu da su. Kafin azahar na san halin kowa fiye da yadda matarsa ta san shi.

Wanda ya fara ɗaukar ido shi ne Sarkin Shiri. Takalmi sabo fil, sanduna biyu na ƙarfe, jaka mai aljihu ya fi ashirin, da agogo mai ƙirga bugun zuciya. Ya dubi ɗan jagoranmu, wani Babakweri siriri mai takalmin roba da adda ɗaya, ya girgiza kai cikin tausayi. Ba a yi awa guda ba sabon takalmin ya fara cin diddigensa. Daga nan aikin agogon ya koma sanar da mu, minti-minti, cewa mai shi na gab da cikawa.

Sai Ɗan Tsere. Tun a mota yake ba mu labarin Sarah Etonge, matar da ta ci tseren babban dutsen har sau bakwai, yana cewa abin da mace ta yi shi ma ba zai gagare shi ba. Ana cewa bismilla ya ɓace mana a gaba. Mun same shi bayan rabin awa a gindin wata bishiya, ya kafa mata ido, wai nazarin ganyenta yake yi. Tun daga nan bai ƙara ambaton kowace Sarah ba.

Amma wanda ya fi cin raina, kuma na fi ƙauna, shi ne Malam Saura-Nawa. Shi ba ya gudu, ba ya ƙorafi, tambaya ɗaya ce tak a bakinsa. Ɗan jagora kuma amsa ɗaya gare shi, cikin Turancin buroka na yankin: "Simol." Wato saura kaɗan. Ƙarfe takwas simol, ƙarfe goma simol. Ashe a wannan hanya duk tudun da ka hango ka ce shi ne ƙarshe, kana hawa sai ya nuna maka wansa a baya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, balle a nan ma Dalar ba ta ganuwa, itatuwa sun rufe sama ruf. Wajen ƙarfe sha ɗaya Malam ya canja salo, ya fara ciniki: "Don Allah ɗan'uwa, simol ɗin nan naka, na mutanen kirki ne ko na direbobin tasha?" Ɗan jagora ya yi murmushi ya ce masa "Ashiya." Kalmar nan ita ce sannunsu. Na lura ba ya faɗinta sai in abin da ke gaba ya fi na baya muni.

A yi wa hanyar adalci, ba laifin mutane ba ne kaɗai. Ƙauyen Debundscha na nan kusa, inda ruwan sama ke kai milimita 10,000 a shekara, kusan ruwan shekara goma na Kano ke nan. Iskar teku ce ke ɗauko danshi, ta yi karo da dutsen, ta juye kayanta a nan. Saboda haka ƙasa ba ta bushewa, gansakuka ta rufe kowane dutse, kuma a wurare da yawa ba tafiya ake yi ba, rarrafe ne: ka kama saiwa da hannu, ka ja jikinka, ka roƙi Allah ya sa saiwar ce ba wani abu mai numfashi ba.

A irin wannan wuri ne Alhaji ya bayyana. Shi an ce masa za a je yawon shan iska ne, sai ya zo da farar shadda da hula zanna da takalmi sau-ciki. Da farko yana tafe yana waya kan kwantenarsa da ke tashar jiragen ruwa. Da sabis ya ɗauke, sai ya koma ga Wanda layinsa ba ya yankewa. Na ji shi da kunnena yana alkawarin rago in ya sauka lafiya. Da muka kai wani hawa da ke tsaye kamar bango, rago ya zama sa. Shaddar kuwa ta riga ta koma kalar kunun kanwa.

Mai Hoto ba sai na daɗe a kansa ba, kun san shi, yana kowace tafiya. Abin da ya bambanta namu shi ne ya tsaya ɗaukar kansa a tsakiyar layin kwarkwasa. Bidiyon da ya fi kyau a tafiyar ke nan, kuma ba shi ya ɗauka ba.

Baturen da ke cikinmu Malamin Tsuntsaye ne. Da an ji ƙyas a reshe sai ya ɗaga hannu, kowa ya daskare, ya leƙa ta madubin hangensa ya raɗa wani suna da Latinanci. Da farko haushi yake ba mu. Daga baya muka gane amfaninsa: duk wanda numfashi ya ƙare wa sai ya nuna sama ya ce, "Yallaɓai, wancan fa?" A samu hutun minti biyar ba tare da kowa ya zubar da girmansa ba. Ɗan Tsere shi kaɗai ya gano tsuntsaye sun kai goma da babu su.

Akwai kuma Hajiya, mai sayar da atamfa, wadda tun a gindin dutse maza suka yi ta ba ta shawarar ta jira a mota. Ba ta ce uffan ba. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta sa takalmin makarantar ɗanta, tana taku ɗaya-ɗaya kamar mai zuwa gidan suna. Ba ta taɓa wuce kowa da gangan ba, mutane ne dai take tararwa a zaune. A jakarta akwai dabino da ƙuli-ƙuli da kilishi, kuma duk wanda ya ba ta shawara da safe sai da ya miƙa mata hannu kafin rana ta take. Ita ta fara taka ƙololuwa bayan ɗan jagora.

An ce daga can sama ana ganin Limbe da gonakin kwakwar manja da teku, har da tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Mu dai hazo muka gani, fari fat, ko na kusa da kai sai ka ji tarinsa za ka san yana nan. Alhaji ya nemi alƙibla, mutum huɗu suka nuna masa kusurwa huɗu. Malam Saura-Nawa ya zauna, ya yi shiru, can ya ce, "To saukar fa, saura nawa?"

A saukowa duk bambancin nan ya ƙare. Mai sandar ƙarfe da mai shadda da mai Latinanci, kowa da mazaunansa ya sauko, ana jan gindi cikin laka kamar yaran da suka samu gangaren rairayi.

Da magariba muna bakin ruwa a Limbe muna cin gasasshen kifi, ƙafafu na rawa, sai hazon ya yaye, dutsen ya fito tas kamar bai san mu ba. Wayar Alhaji ta dawo da sabis. Na ji yana cewa, "Wallahi mun hau har ƙarshe. A'a, ba wani abu ba ne, ɗan ƙaramin ne." Hajiya ta cire ƙaya daga bakinta ta ce, "Alhaji, sa ɗin nan dai, yaushe za a yanka?"