Kawu da Wayar da ke Yoyo

Kawuna tela ne a Hotoro, can wajen defon mai, kuma ya daɗe yana shari'a da iyalinsa a kan katin waya. Da magariba zai sa na ɗari biyar, gari na wayewa ya danna *310# ya tarar da abin da ko sallama ba zai kai ba. Uwargida aka fara tuhuma, wai tana kiran 'yan'uwanta na Gyaɗi-Gyaɗi cikin dare. Ta ce, "Malam, in don Gyaɗi-Gyaɗi ne ai kuɗin adaidaita ya fi sauƙi." Zargi ya koma kan yaran shago. Daga nan Kawu ya shiga kwana da wayar a ƙarƙashin matashi, kuɗi kuwa bai fasa tafiya ba. Sai ya yanke hukunci: wayar ce ke yoyo.

Na raka shi kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni don a toshe. Yaron da muka samu ko sukurudireba bai ɗauka ba, akwatin saƙonni ya buɗe. Ga shi nan: wata gajeriyar lamba ta yi wa Kawu albishir da mota, in dai ya aika 1. Kawu, wanda bai taɓa shiga gasa ba ko ta cin tuwo, ya aika. Da ya ji shiru ya sake aikawa, ya kuma amsa wa wasu lambobin ma, don kada rabo ya wuce.

Yaron ya ce, "Baba, ai rajista ka yi. Kullum ana cire maka naira hamsin a nan, hamsin a can, kuma da kanta take sabuntawa." Ashe Kawu na biyan labarin ƙwallon Turai, da kacici-kacici, da shawarwarin soyayya da Turanci. Farashin yana nan a wutsiyar saƙon, inda ido ba ya kaiwa in an riga an ga mota.

Maganin kyauta ne, abin da ya fi ba Kawu haushi ke nan. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta samar da lamba 2442: a aika STOP, saƙonnin talla su tsaya. Rajistar da aka riga aka faɗa cikinta kuwa *305# ke soke ta, ɗaya daga lambobin bai-ɗaya da aka sa wa dukkan layuka a 2023. In kamfani ya yi kunnen ƙashi, a kira 622, layin ƙorafi na hukumar. Yaron ya ƙara da cewa lambar ƙasar waje da ta yi filashin ta katse, kada a bi ta da kira, nan ma kati ake sha.

Kawu ya riƙe karatun fiye da kima. Ana gab da salla wani Alhaji, babban kwastomansa, ya turo saƙo yana tambayar ko an gama babbar rigarsa. Kawu ya gyara tabarau, ya rubuta masa STOP.